Dala 3,400 aka damfare ni a kan littafin komik guda ɗaya, masu wannan harka ku yi hattara

Salamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko za a yi da ni sai na faɗa. An damfare ni dala 3,400. Dala 3,400 cif, a kan littafi guda ɗaya, kuma da hannuna na tura kuɗin, ina zaune cikin mota a bakin masallaci bayan an sauko daga Juma'a. Babu wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ya ja mini, ku tsaya ku ji. Ni ba sabon shiga ba ne. Tun 2020 nake saye da sayar da tsofaffin littattafan komik, waɗannan na Amurka masu labari cikin zane. A Bronx ta birnin New York nake zaune, tasi nake ja, lokacin korona aiki ya tsaya cak, shi ne na faɗa harkar. Kuma a gidan kasuwa na tashi. Mahaifina ya yi shekara 30 da rumfa a Kantin Kwari, tun ina firamare na iya bambanta atamfar gaske da jabu daga bakin ƙyalle. Shekara huɗu ina wannan sana'a, littattafan da suka bi ta hannuna sun haura 200, ko sau ɗaya ba a taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa ba. Sai wannan mutumin.

Wanda ba ya cikin harkar ba zai gane abin da ya sa farashin bai tsorata ni ba. A 2020 da 2021 kasuwar nan ta yi tashin gwauron zabi. Mutane suna kulle a gida, gwamnati ta raba kuɗin tallafi, kowa ya zama dillali. A watan Satumba na 2021 aka sayar da Amazing Fantasy lamba 15, inda Spider-Man ya fara fitowa a 1962, a kan dala miliyan 3.6 a gwanjon Heritage. Mu ƙanana ma abin da ka saya yau, kafin wata ya zagayo ka ci ribarka. Daga 2022 aka fara ƙara kuɗin ruwa, rayuwa ta yi tsada, kasuwa ta yi sanyi. Kaya suka yi kwantai. Yanzu haka akwai kwali shida a ɗakin yarana, littattafan da na saya dala 80 ana taya su 30, wasu ma ko tayi babu. Duk inda ka leƙa mutane ne ke karyar da kaya don su biya haya. To a irin wannan kasuwar idan mutum ya ce maka ya matsu zai sallama ƙasa da farashi, me za ka zarga? Kowa haka yake yi. Ni kaina na yi. Da wannan ya kama ni, ya san kasuwa ta faɗi, ya san araha ta daina ba kowa mamaki.

Lissafina shi ne in rabu da tarkacen ƙanana in riƙe babba guda ɗaya, don manyan sun fi jure faɗuwa. Har gobe ina ganin lissafin daidai ne. Littafin da na nufa shi ne Incredible Hulk lamba 181 na 1974, inda jarumin nan Wolverine ya fara fitowa sosai. A lokacinsa santi 25 ake sayar da shi. Duk mai wannan harka ya san shi.

Mutumin a wani zauren masu saye da sayarwa na Facebook na haɗu da shi. Ba zan faɗi sunan da yake amfani da shi ba, don na gano ba nasa ba ne, ya yiwu ma na wani bawan Allah ne da bai ji ba bai gani ba. Kuma ba rana ɗaya na yarda da shi ba, wannan nake so a gane. Sau biyu na sayi kaya a wajensa kafin wannan. Na farko dala 180, na biyu 260. Duka sun iso a kan lokaci, an naɗe su da kyau, har da ɗan littafi kyauta a cikin na biyun. Na sayar da su na ci riba. Wa zai ce mini mutumin da ya yi ciniki biyu lafiya lau ɓarawo ne? Ashe tsaba yake watsa mini.

Ranar Juma'ar nan ta watan Agusta, ita ce ba ta barin ni barci. A'a, kiran bidiyon a daren Laraba ne, Juma'a ce ranar biya. Ya kira ni, na ga fuskarsa, na ga kwalaye a bayansa, har wata 'yar yarinya ta shigo ya ɗauke ta ya ɗora a cinya. Ya ɗaga littafin a cikin gidansa na roba, ya juya gaba, ya juya baya, ya kawo lambar shaidar da ke jikin robar kusa da kyamara ya ce in rubuta. Ya ce an rage masa aiki, mai gidan haya ya ba shi notis. Ya ce dala 3,600. Ban ma taya ba, wallahi ban taya ba, shi da bakinsa ya ce tunda mun saba zai cire mini 200 idan zan tura ta ɓangaren 'yan uwa da abokai na manhajar tura kuɗi ta PayPal, don kada a yanke masa la'ada. Ya ce, ai ni da kai mun wuce ciniki. Wannan maganar ita ce take ta yi mini yawo a kai. Mun wuce ciniki.

Na san dokar. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, na san ta. Idan ka biya ta ɓangaren sayen kaya, ana yankar mai sayarwa kusan kashi 3 cikin 100, kai kuma kana da damar kai ƙara. Idan ka tura ta 'yan uwa da abokai, kyauta ka yi, babu mai dawo maka da ko sisi. Sayayya biyu na farko duk ta ɓangaren kaya na biya. Ni ne ma nake gaya wa yaran da suka shigo harkar bayana kada su kuskura. Amma ranar ina cikin mota, yatsana a kan wayar, na ɗan tsaya. Na tuna yarinyar nan a cinyarsa. Na ce mutum yana cikin matsi, kuma ya rage mini 200, in tsaya ina masa ƙididdigar dala 100? Na yi bisimilla na danna. Dala 3,400.

Kuma na bincika, kada wani ya ce ban bincika ba. Ga waɗanda ba su sani ba, akwai kamfanin CGC a Sarasota ta jihar Florida, tun 2000 suke duba littafi su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba da takardar shaida a sama mai lamba. Shuɗiyar takarda na nufin littafin cikakke ne ba a taɓa shi ba. Mai launin shunayya, wato ta shanshanbale, na nufin an yi masa gyara. Koriya na nufin akwai wani babban aibi, kamar an yanke wani abu a ciki. Nawa shuɗiya ce, maki 6.5. Na sa lambar a shafinsu tun daren Laraba, ta fito daidai: sunan littafi, shekara, maki, komai. Na duba farashin da aka sayar da irinsa a 'yan watannin nan, na ga nasa ya yi ƙasa amma ba ƙasan da zai sa ka gudu ba. Me kuma ya rage in yi? Lambar ta gaskiya ce. Robar ta gaskiya ce. Takardar ta gaskiya ce. Littafin da ke ciki ne ba shi ba.

Na manta ban faɗi inda kuɗin suka fito ba. Dala 1,100 daga kayan da na karyar a kan asara. Dala 1,500 kwasar adashinmu ce, na roƙi Alhajin da ke riƙe mana ya sa ni gaba. Ya ce mini, ƙanena, littafin yara za ka saya da kuɗin nan? Na ce Alhaji, ka bar ni, na san abin da nake yi. Dala 800 kuma na uwargida ne, kuɗin kitso da take tarawa. Ban taɓa taɓa kuɗinta ba sai wannan karon. Ku haɗa ku gani, 3,400.

Littafin ya iso bayan kwana biyar. Wata biyu yana wajena ina ta murna, har na nuna wa abokai. A watan Oktoba na tafi da shi babban taron komik na New York da ake yi a Javits Center, niyyata in ji abin da manyan dillalai za su taya. Na farko ya duba ya ce ba ya saye yanzu, kaya sun yi masa yawa. Na biyu wani dattijo ne mai furfura, ya karɓa, bai ma kalli bangon ba, gefen robar ya bi da farce. Ya kai kusurwar ƙasa ya tsaya. Ya haska da fitilar wayarsa ya ce in duba. Wani ɗan fari-fari ne kamar inda roba ta taɓa tsagewa, da alamar gam siririya. Wata biyu ina kallon abin nan kullum ban gani ba. Sai ya shiga kwamfutarsa ya nemo lambar a tsofaffin gwanjo, ya samo hoton littafin da aka sayar da wannan lambar a 2021. Ya ajiye su gefe da gefe. Na hoton yana da farin layi siriri a gefen ɗinki, inda bangon ya ɗan karkace tun daga maɗaba'a. Nawa babu. Littafi ba ya sauya yadda aka yanke shi a 1974. Dattijon ya ce mini ya yi baƙin ciki, amma an buɗe robar an musanya. Ƙafafuna suka yi sanyi, a tsakiyar dubban mutane na nemi bango na jingina.

Tun a can na tura wa mutumin saƙo. A'a, sai da na fito waje tukuna, a tashar jirgin ƙasa. Ya karanta, alamar ta nuna ya karanta. Kafin in iso gida ya toshe ni. Lambar wayar ba ta shiga. Shafin nasa ya ɓace daga zauren. Adireshin da ke jikin kwalin da ya aiko, da na bincika, shagon karɓar saƙonni ne.

A daren na sa uwargida ta riƙe waya tana ɗauka, na fasa robar. A cikin wannan littafin akwai wani ɗan kan sarki da Marvel, kamfanin da ya wallafa littafin, ta riƙa bugawa a lokacin, yara suna yankewa da almakashi suna tarawa, shi ya sa da yawa daga cikin kwafin da suka rage ba su da shi. Na buɗe shafin. Rami ne murabba'i. An yanke. Littafin da ya kamata a ce koriyar takarda gare shi, shi aka sa a gidan shuɗiya, na ainihin kuma Allah kaɗai ya san inda ya kai shi, wataƙila ya sake kai shi an ba shi sabuwar lamba ya sayar sau biyu. Uwargida ba ta ce komai ba sai, Maigida, Allah ya mayar da alheri. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Daga baya ne na zauna na karanta cewa tun ƙarshen 2023 masu tara littattafai suka bankaɗo irin wannan musanya ta hanyar gwada hotuna, har CGC ta fitar da jerin lambobin ɗaruruwan littattafan da abin ya shafa. Na ji labarin sama-sama a lokacin, na ɗauka matsalar masu dubun-dubatar daloli ce. Lambata ba ta cikin jerin, na duba sau uku. Wannan nasa aikin ne daban.

Wanda ya fi taya littafin yanzu ya ce dala 1,100. Na saya 3,400. A kasuwar da ko mai lafiya da ƙyar yake fita.

Na kai rahoto wajen 'yan sanda, na cike takardar IC3 ta hukumar FBI, ta kai ƙarar damfarar intanet, na sanar da masu kula da zauren. Mutum biyu sun riga sun yi mini magana cewa su ma haka ya fara da su, ƙananan ciniki biyu lafiya, sannan kiran bidiyo, har yarinyar. Har yarinyar! Ɗayansu dala 2,000 ya tafi da ita. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba. Ba kuɗin kaɗai ba, tausayin da na ji masa, da shi ya yanke ni.

Masu saye: kada ku tura ta 'yan uwa da abokai ko da sau goma kuka yi ciniki da mutum. Lamba ta fito daidai ba hujja ba ce, ku nemo tsohon hoton littafin ku gwada. Ku haska gefen robar.

Sikirinshot na hirarmu, rasit ɗin dala 3,400, hotunan biyu gefe da gefe da bidiyon fasa robar duk suna nan, zan sa su da daddare idan na tashi daga aiki, sai na rufe adireshin gidana tukuna. Duk wanda aka taɓa kira ta bidiyo aka nuna masa wannan littafin mai maki 6.5 tsakanin Yuli da Satumba, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina haɗa bayanan wuri ɗaya. Alhaji har yanzu bai sani ba. Jibi ne ranar zubi, saura wata biyar, dala 150 duk wata.