Gyaran taimin da silo na injin jirgina: yadda na ga aikin

Injin da nake ɗaukar kaya da shi tsakanin Yawuri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji Yamaha Enduro ne mai doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Ya daɗe yana aiki lafiya, sai kwanan baya ya koyi wata ɗabi'a: a firi yana kaɗawa sumul, da na sa giya sai ya mutu. Duk mai tuƙi ya san haɗarin wannan idan ana shirin tsayawa a kwata, ga ruwa na ja, ga jiragen mutane a gaba.

Makaniken da ya fara dubawa ƙara silo kawai ya yi, wato gudun da injin ke yi idan ba a murɗa totur ba. Mutuwar ta tsaya, amma kowace shigar giya sai ka ji "ƙaram", alamar haƙoran ciki na cin juna.

Na biyun ne nake yi wa wannan sharhi. Kafin ya taɓa kafireto, sai da ya tambaye ni ko farfela ta taɓa dukan dutse ko kututture, domin irin wannan duka kan karya ɗan makullin da ke riƙe fulawil (faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin), taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya goce. Ya kwance ya duba, makullin lafiya lau. Daga nan ya maƙala fitilar taimin a wayar filogi, tana walƙiya a kan alamomin fulawil, nan take aka ga wutar tana makara. Ya daidaita sandar da ke haɗa totur da taimin, ya wanke ƙaramar kafar man silo, sannan a ƙarshe ya zo kan sukurun silo. Wannan jerin ne ya burge ni, don mafi yawan masu gyara daga ƙarshen suke farawa.

Ya kuma ƙi saita silon a tudu. Dalilinsa mai ƙarfi ne: hayaƙin injin ta tsakiyar farfela yake fita a ƙarƙashin ruwa, ruwan na tokare shi, ga nauyin farfelar idan giya ta shiga. Injin da ya yi daidai a cikin durom ɗin ruwa a tudu yana iya shaƙewa a kogi. Don haka muka shiga ruwa, ya bari ya yi zafi, ya saita shi da giya a ciki. Da na roƙe shi ya ɗan tura wutar gaba don ƙarin gudu, ya ce a'a, haka ake ƙona fistin.

Inda ban ji daɗi ba: kuɗinsa ya fi na sauran, fetur ɗin gwaji ma daga aljihuna, kuma ranar kasuwa sai ka yini kana jiran layi.

Yanzu injin na tashi ba gardama, giya na shiga shiru, filogi ya daina yin baƙi. Idan naka yana mutuwa a giya, nemi mai fitilar taimin, ka kuma guji zuwa ranar kasuwa.