Kufena ko Shere: wanne ya dace da wanda bai taɓa hawan dutse ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Zariya, aikin ofis kake yi, ba ka taɓa hawan dutse ba, ga abokanka suna shirin zuwa duwatsun Shere a Jos. Kana tambaya ka bi su ne, ko ka fara da Kufena da ke bayan gida. Shawarata ka fara da Kufena. Bari in jera maka su kusa da juna ka ga dalili, ka kuma gane lokacin da ƙafarka ta isa Shere.

Kufena dutse ne guda da ya taso daga fili a wajen Wusasa. Kana gindinsa kana hangen inda za ka, in ka hau kuma kana hangen inda ka fito, ga gonaki, ga rufin gidajen gari. Safiya ɗaya ta ishe ka hawa da sauka, ka ci abincin rana a gida. Shere kuwa jerin duwatsu ne da tuddai da kwazazzabai, kimanin kilomita 10 gabas da Jos. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga saman teku, babu inda ya fi ta bisa a duk Jihar Filato. Garin Jos yana kan mita 1,200 da 'yan kai, ka ga ke nan tsakanin gari da ƙololuwa akwai hawan kusan mita 600. A nan ne ake da reshen makarantar nan ta horar da matasa juriya da shugabanci da aka fi sani da Man O' War, kuma ba don wurin yana da sauƙi aka zaɓe shi ba.

Masu wannan harka suna da lissafin da wani mahayin duwatsu mutumin Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: kowane kilomita 5 awa ɗaya ne, kowane hawan mita 600 kuma a ƙara wata awar. Wannan lissafin na wanda jikinsa ya saba ne, ba hutu a ciki, ba tsayawa ɗaukar hoto. In an ce muku zagayen kilomita 10 ne da hawan mita 600, awa 3 ke nan a takarda, amma sabon shiga ya sa a ransa awa 5. Ka haɗa da hanyar mota daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka, wadda ta haura kilomita 200. Za ka fara hawan ne da gajiyar jiya a jikinka.

Babban dalilina shi ne sauka. Duk wanda bai taɓa yi ba hawan yake tsoro, alhali hawa da sauƙi: in haki ya kama ka, ka tsaya, numfashi ya dawo, ka ci gaba. A gangare ne ake gane takalmi da gwiwa. Nauyinka duk yana sauka kan ƙafa ɗaya a kowane taki, cinyar da ta gaji tana rawa, yatsunka suna bugun gaban takalmi har farce ya fara zafi. A kan falalen Kufena za ka ga 'yan ƙananan tsakuwa da yashin da iska ta watsa, ka taka su ƙafa ta tafi ba shiri. Nan ne za ka koyi rage tsawon taki, ka ɗan saki gwiwa, ka dasa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse maimakon dunduniya kawai, ka riƙa karkatawa dama da hagu maimakon miƙewa sak. In wurin ya yi tsaye da yawa, ka zauna ka sauko da mazaunai da hannuwa, manyan mahaya ma haka suke yi. In ka gano takalminka ya matse ka a Kufena, wahalar ta ɗan lokaci ce, ka sauko ka tari Keke. In a tsakiyar Shere ka gano, akwai awoyi a gabanka, kuma bororon da ya fashe a dunduniya yana sa mutum ya canja taki, canja takin kuma shi ke kawo targaɗe.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa a wurina ya fi tsayin dutsen muhimmanci, wato kunya. A Kufena, in jiri ya ɗebe ka a rabin hanya, kana iya ce wa abokin tafiyarka "haka ma ya isa", ku juya, babu wanda aka ɓata wa rana. A Shere kana cikin ayarin da suka kashe kuɗin mota da masauki, kowa idonsa na kan ƙololuwa. Ba za a bar ka ka koma kai kaɗai ba, kuma bai kamata a bar ka ba. Saura ko kowa ya juya saboda kai, ko ka cije ka yi shiru. Yawancinmu shirun muke yi, don kada a ce wane ya gaza. Mutumin da ke ɓoye gajiyarsa shi ne wanda ke daina shan ruwa don kada ya tsayar da mutane, shi ne mai tsallake dutsen da ya kamata ya zagaye. Ina so ranarka ta farko ta zama a inda juyawa ba ta da tsada, don ka koyi sauraren jikinka ba tare da idon kowa a kanka ba.

Batun ɓata hanya ma ba ɗaya ba ne. Kufena yana da wuyar ɓatar da mutum tunda gari na gabansa, sai dai ka kula ka sauko ta inda ka hau, domin wasu ɓangarorinsa a tsaye suke. A Shere turbobi suna rabuwa, wannan ta shanu ce, waccan ta masu zuwa gona, manyan duwatsun da aka jibge kan juna kuma duk kamarsu ɗaya in rana ta juya. Bayan damina ciyawa tana rufe turba ɗungurungum. Sau da yawa za ka hango tudu ka ɗauka ƙarshen ke nan, ka isa ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Don haka Shere sai da ɗan jagora daga mutanen yankin, Afizere da maƙwabtansu, waɗanda suka tashi a cikin duwatsun. Ku gaisa da mutanen ƙauyen da za ku ratsa, ku faɗi inda za ku, ku kuma tambayi halin tsaro a makon tafiyar, kada ku dogara da labarin wanda ya je bara. Wannan na ƙarshe ya shafi Kufena ma. Ko'ina ne kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin da za ka dawo, saboda a cikin kwazazzabo sabis na iya ɗaukewa.

Inda Shere ya yi wa Kufena fintinkau shi ne yanayi. Iska tana rage zafi da kusan digiri 6 a kowane hawan mita 1,000, shi ya sa tafiya a Filato take da daɗi ko rana ta take. Kufena kuwa falali ne tsirara, inuwa kaɗan ce. A watan Maris da Afrilu, kafin hantsi ya dubi ludayi dutsen ya ɗau zafin da ba ka iya dafa shi da hannu, zafin na dukanka ta sama yana dukanka ta ƙasa. Maganinsa sammako: ka yi asuba, gari na wayewa kana gindin dutse, ƙarfe goma ta same ka a ƙasa. Sanyin Shere shi ma yana da tarkonsa. A Disamba da Janairu safiyar Jos tana buƙatar rigar sanyi, in ka yi gumi ka tsaya a sama iska ta buge ka sai jiki ya ɗau kaɗuwa, kuma sanyin yana hana mutum jin ƙishirwa alhali busasshiyar iskar hunturu tana ta zuƙe masa ruwa.

Da damina duka biyun ba na sabon shiga ba ne. Jiƙaƙƙen falali, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsa ya wuce misali. A Jos ruwa yana farawa tun wajen Afrilu har Oktoba, hadari kuma yakan taso da rana tsaka cikin ɗan lokaci, mutumin da ke tsaye a ƙololuwa shi ne abu mafi tsayi a wurin in aradu za ta faɗi. Da ka ji tsawa, ka sauka, kada ka fake a ƙarƙashin itace guda a fili. Ni na fi son Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, hazo bai yi kauri ba tukuna. In hazo ya sauka sosai sai ka sha wahalar hawa ka rasa abin kallo, mai asma kuma ya fi kowa jin jiki.

Kaya kusan iri ɗaya ne, yawa ne ya bambanta. Ana ƙiyasta rabin lita na ruwa a kowace awa ta tafiya. Lita ɗaya da rabi ta ishe ka Kufena, Shere kuwa sai lita 3, wato kilo 3 a bayanka kafin ka sa komai. Jakar goyo mai hannu biyu kake buƙata, don hannuwanka su zama a sake. Dabino da gyaɗa da ƙuliƙuli sun wadatar, kilishi ka bar shi sai an sauko domin yana jawo ƙishi. Ka jefa ƙullin garin gishiri da sukari na kemis guda biyu, da filasta, da malafa ko hular hana-salla. Kambas ɗinka na yau da kullum ya isa Kufena muddin ƙasansa na da zane bai cinye ba. Ban da silifas, ban da takalmin ofis, ban da sabon takalmin da aka sayo jiya. Ka yanke farce, ka sa safa mai kauri da dogon wando. A Shere ka ƙara tocila da fawa bank, ka kuma tuna azahar za ta same ku a cikin duwatsun, wataƙila har la'asar, sai ka ware ruwan alwala daban da na sha. Kada ka sayi kaya masu tsada yanzu. Kufena kuɗin Keke ne kawai, zai nuna maka ko abin ma ya kwanta maka a rai kafin ka kashe kuɗin mota da masauki da sallamar jagora.

Maciji kuma akwai shi a duka biyun, har da kububuwa mai son wuri mai duwatsu, ga kunama. Kada ka zura hannu a tsagar da idonka bai gani ba, kada ka zauna kafin ka duba. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Zariya na da asibitin koyarwa a Shika, Jos na da nata a Lamingo, a ɓangaren da Shere yake. Bambancin yana ga tazarar da ke tsakaninka da titi, da yawan mutanen da za su ɗauko ka.

Kada ka ɗauka ina rage wa Shere daraja. Wanda ya tsaya a can sama ya ga Filato ta shimfiɗe, ya ga duwatsun da ake kira Gog da Magog, ya san ya je wani wuri, kuma ina fata ka je. Kufena ma ba abin rainawa ba ne: tarihin baka na Zazzau yana ambatonsa tare da Turunku a cikin tsofaffin mazaunan masarautar, a labaran Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Ga 'yan'uwanmu na Kano da ke karanta wannan, Dala ya fi Kufena ma sauƙi tunda an yi masa matakala, sai ku fara da shi.

To yaushe ka isa Shere? Ka fara tafiyar sauri ta minti 30 zuwa 40 a unguwa yawancin ranakun mako, da jakarka a baya da ruwa a ciki, in akwai bene a wurin aiki ka riƙa hawa. Ƙarshen mako ka je Kufena, ka sake komawa. Ranar da ka iya hawa kana hira ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, ka sauko gwiwa ba ta rawa, washegari ka tafi aiki ba ɗingishi, to ka isa. In kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, ka ga likita tun kafin ka fara, kuma kada ka gwada ko ɗaya da azumi a bakinka.

In tafiyar abokanka saura wata ɗaya da rabi ko fiye, kana iya cin duka biyun: Kufena yanzu, Shere tare da su. In mako mai zuwa ne, ka bar su su tafi, ka bi zuwa na gaba. Duk ranar da za ka bi su, ka tambayi mai shirya tafiyar wace hanya za a bi, awa nawa ce, wane ne jagora, kuma ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A watannin sanyi rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira a cikin duwatsu, saboda haka ƙarfe ɗaya na rana lokaci ne mai kyau na juyowa. In ya kasa ba ka amsar waɗannan, ka nemi wani ayarin.