Sashen gidan da na saya a cikin Badala, bayan damina biyu

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke gefen Ringim, sana'ata kuwa saye da sayar da riɗi da gero, wadda take kai ni kasuwar Dawanau kusan kowane mako. Da kwanan masauki ya ishe ni, ga kuma ɗana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, sai na yanke shawarar mallakar wurin sa haƙarƙari a Kano. Wani abokin ciniki ne ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ke sayen tsofaffin gidajen gado a cikin birni, ya gyara su, ya raba kowanne sashe-sashe, sannan ya sayar wa mutane daban-daban. Na bari sai da damina biyu ta wuce a kan ginin kafin in faɗi ra'ayina, domin ruwan sama ne alƙalin magini.

Gidan yana wani lungu da ke bayan kasuwar Kurmi, kuma dillalin bai gaji da tuna mini cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar ba, kamar dai shekarun nan suna cikin abin da zan biya. Suna ciki kuwa, domin kuɗin ciki da falo da banɗaki a nan zai gina mini gida sukutum a ƙauyenmu. Mota ba ta shiga lungun, duk abin da na kawo sai 'yan dako sun ƙarasa da shi a baro.

Inda kamfanin ya cancanci yabo shi ne takardu. Babbar matsalar gidan gado ita ce wani magaji ya ɓullo bayan an gama ciniki ya ce bai sayar da rabonsa ba, ko ya nemi haƙƙin shufu'a, wanda a mazhabar Malikiyya yake ba abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba damar karɓar abin da aka sayar a kan farashin da aka saye shi. Tun kafin in tambaya suka nuna mini takardar rabon gado daga kotun shari'a, da sa hannun magada duka, da shaidar mai unguwa. Sun kuma faɗa mini gaskiya cewa takardar ciniki daban, takardar mallaka ta gwamnati daban, tunda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. La'adar da na biya, kashi 5 cikin 100, ban yi da-na-saninta ba.

Gyaran kuwa yana da fuska biyu. Sun bar zauren yadda yake, da ɗaurin guga da azarar giginya, kuma duk wanda ya shigo daga zafin Afrilu yakan ji sanyin nan da ginin ƙasa mai kauri kaɗai yake bayarwa. Amma a cikin ɗakuna sun shafe katangar tubali da siminti, suka bi da fenti da tayil, abin da ya ruɗe ni ranar da na fara gani. A watan Agusta na farko na ƙwanƙwasa bangon gabas da ɗan yatsa, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wani dattijon magini da ke maƙwabtaka da mu ya duba ya ce, “Alhaji, ƙasa numfashi take yi, shi ya sa iyayenmu suke yaɓe da makuba, siminti ya toshe ta, damshin ya rasa mafita.” Kafin kaka shafen ya yi ciki, ya ɓamɓare kamar faɗin tabarma. Abin takaici shi ne mu mutanen ƙauye mun san wannan tun muna yara, ƙyalƙyalin tayil ne ya mantar da ni. Kamfanin ya turo leburori suka gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba, sai dai da simintin suka sake shafewa.

Abin da ba su tsara ba sam shi ne kayan tarayya. Mu huɗu ne a gidan, zaure ɗaya, shadda ɗaya, indararo biyu da ke zubar da ruwan soron kowa, amma babu takardar da ta ce ga wanda zai biya idan abu ya lalace. Da shaddar ta cika sai da muka kwashe makonni uku ana ka-ce-na-ce, daga ƙarshe mai unguwa ya zaunar da mu muka amince da karo-karo duk wata. Mitar wuta kaɗai suka raba wa kowa tasa.

Wanda zai saya a wurinsu ya je da magininsa na gargajiya, ya je kuma a tsakiyar damina, sannan kada ya biya cikon kuɗi sai an rubuta yarjejeniyar kayan tarayya. Bangon gabas dai na riga na yi magana da dattijon nan, da rani zai kankare simintin ya mayar masa da yaɓe.