Digirin kasuwanci ko gajeren kwas: wanne ya dace da mai neman aikin ɗorewa?

Kafin ka ciro kuɗin makaranta, ka fara sanin abin da masu ɗaukar ma'aikata ke nufi idan suka ce suna neman wanda ya san harkar ɗorewa, wato gudanar da kasuwanci ba tare da cutar da muhalli da al'umma ba. Mutum suke so wanda zai zauna da takardun man dizal da na wutar lantarki na shekara guda, ya lissafa hayaƙin da kamfani ya fitar, ya rubuta rahoton da mai binciken kuɗi zai sa wa hannu. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya ɗora wa bankuna ƙa'idoji tara na duba muhalli da al'umma kafin ba da bashi. A watan Yunin 2023 hukumar ISSB, mai tsara ƙa'idojin rahoton ɗorewa na duniya, ta fitar da ma'aunai biyu na rubuta irin wannan rahoto, IFRS S1 da S2, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka ce za su bi su, inda aka tsara su zama dole ga manyan kamfanoni daga 2028. Wannan ne ya sa kasuwar irin wannan aiki ta motsa.

Hanyar da aka fi sani ita ce MBA, wato digiri na biyu na harkar kasuwanci, a gida. A arewa akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da tsarin karatu daga nesa, ga kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN ga wanda aiki ba ya barinsa zaman aji. Amfaninsu a fili yake: kuɗin da sauƙi, ba ka bar iyali ba, kuma takardar MBA tana da nauyi wajen ƙarin girma. Sai dai kada ka sayi kifi a ruwa. Je ka sashen, ka nemi jerin darussan wannan shekarar, ka duba ko batun ɗorewa ya shiga cikin darasin akanta da na kuɗi, ko kuwa kwas ɗaya ne na zaɓi da aka liƙa a zangon ƙarshe. Idan abin da ake koyarwa bai wuce labarin kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse ya raba buhunan shinkafa da azumi ba, to sadaka ake koya maka, kuma manajan da zai yi maka tambayoyi ya san bambancin.

Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, ta daɗe da cibiya ta musamman kan wannan fanni, kuma tana kusa da kamfanonin da ke rubuta irin waɗannan rahotanni. Tsadarta kuwa sai mai ƙarfi, ko wanda ofishinsa zai biya masa.

Masu hangen Ingila ko wata ƙasar Turai za su sami digiri na biyu na shekara guda da aka gina kacokan a kan ɗorewa. Ilimin akwai zurfi, musamman kan dokokin Tarayyar Turai, kamar harajin hayaƙi da ta sa wa siminti, ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata da su. Amma da fam ko yuro za ka biya, kuma ka san yadda naira take tun 2023. Wani abin dubawa ga kowace makaranta, ta gida ko ta waje, shi ne ko ta sa hannu a shirin PRME na Majalisar Ɗinkin Duniya, na shigar da ɗorewa cikin karatun kasuwanci, wanda aka ƙaddamar a 2007. Makarantun da ke ciki suna wallafa rahoton abin da suka yi. Karanta rahoton da kanka, domin sa hannu kaɗai alkawari ne.

Ni dai a ganina, ga wanda ya riga ya kama aiki, gajeren kwas ya fi saurin biyan kansa. Ma'aikacin banki ko mai harkar zuba jari ya duba satifiket ɗin da cibiyar CFA ta ƙwararrun zuba jari ke bayarwa kan wannan fanni, ko na SCR, kan ɗorewa da haɗarin sauyin yanayi, daga ƙungiyar masu auna haɗari ta GARP idan aikinsa auna haɗari ne. Akanta ya duba na ƙungiyar akantoci ta ACCA. Wanda zai riƙa rubuta rahoto ya nemi horon GRI, wata ƙungiya mai tsara ma'aunan rahoton ɗorewa. Jami'ar Kambirij ma tana da kwas na mako takwas ta intanet, wanda ya fi dacewa da manajoji. Rauninsu shi ne ba sa maye gurbin digiri, kuma sabon ɗan bautar ƙasa da bai taɓa riƙe lissafin kamfani ba, yana iya cin jarrabawar ya rasa inda zai yi aiki da ita.

Kowacce ka zaɓa, ka tabbatar za ka fita da aiki ɗaya na hannunka. Ɗalibi a Kano bai da uzuri: ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, waɗanda ruwan dattinsu ya daɗe yana damun unguwannin da ke kewaye, ga masu casar shinkafa da janareto ke cinye musu riba. Ka roƙi malaminka ya bar ka ka yi aikin kammala karatu a ɗaya daga cikinsu, ka lissafa litar dizal nawa suke ƙonawa a wata, da shekara nawa sola za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. Wannan takardar ce za ka tafi da ita ranar ganawar ɗaukar aiki.