Alamun bidiyo ko alamun tsakar gida: wanne za ki koya wa jaririnki, yaushe kuma zai mayar miki?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, jiya da daddare kin yi tambaya a zauren nan, sai hirar kuɗin makaranta ta binne ta. Kin ce ɗanki ya shiga wata 7, kin kuma ga bidiyoyi a TikTok inda Turawa ke koya wa jarirai maganar hannu, yaro ya nemi nono ko ƙarin abinci ba tare da kuka ba. Kina so ki sani ko ki bi nasu, ko alamun da muka saba da su a gida sun wadatar. Kin tambayi yaushe zai fara mayar miki. Sannan kin ce uwar mijinki ta gargaɗe ki, wai yaron da aka saba masa da nuni bakinsa nauyi yake yi.

Na gwada hanyoyin biyu a kan 'ya'yana, kuma gida ɗaya na tashi da ƙanena kurma, don haka maganar nan ta shafe ni ƙwarai. Bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Alamun bidiyo galibinsu an tsinto su ne daga maganar hannu ta kuramen Amurka, wadda ake kira ASL. Wani mai yi wa kurame tafinta, Joseph Garcia, yana cikin waɗanda suka yaɗa hanyar, bayan ya lura 'ya'yan abokansa kurame kan faɗi buƙatarsu da hannu tun sa'o'insu ba su buɗi baki ba. Amma a can ma ba hanya ɗaya ba ce. A 1982 wata malamar jami'a a Kalifoniya, Linda Acredolo, ta ga 'yarta mai shekara ɗaya tana shinshina da hanci duk sanda ta ga fure, ko a lambu ko a hoto. Ba wanda ya zaunar da yarinyar ya koya mata. Daga nan ita da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka fara bincike, kuma shawararsu ta farko ga iyaye ita ce su yi amfani da duk alamar da ta zo musu da sauƙi. Kin ga ke nan alamar gida ba ta rashin wayewa ba ce, daga irinta ma aka faro.

Mu kuwa me muka rasa? Yaron Kano tun bai yi haƙori huɗu ba ya iya miƙa hannu biyu a ɗauke shi. Ya iya noƙe kafaɗa idan ya ƙi abu, ba wanda ke buƙatar tafinta a nan. Yana tafi idan an yi masa wasa, yana ɗaga hannu ga babansa in zai fita kasuwa. Idan an idar da salla yana ɗaga tafuka ya shafa a fuska. Yana juya tafin hannu sama idan abu ya ƙare, wato babu. In yana son goyo sai ya rarrafo bayanki yana jan zani. Duk wannan magana ce, mu ne dai ba ma ƙirga ta.

Yanzu dubi na bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Alamar madara: a dunƙule hannu a buɗe, a dunƙule a buɗe, kamar mai tatsar saniya. Tana da sauƙi, yaro na kama ta da wuri, sai dai a wurinmu ta yi kama da yafito, har kakarsa ta zaci kiran ta yake. Alamar abinci, haɗa kan yatsu a kai baki, wannan ba ta da bambanci da tamu, ko a kasuwar Rimi kika yi ta kowa ya gane. Alamar ruwa kuwa yatsu uku ake miƙewa a taɓa haɓa, saboda siffar harafin farko na kalmar ruwa a Turanci. Me ya haɗa ɗanki da wannan? Yatsun ɗan wata 10 ma ba za su miƙu haka ba. Tamu ta fi: a dunƙule hannu kamar an riƙe kofi, a kai baki.

Wadda ta ba ni wahala ita ce alamar "na gama". Ana buɗe tafuka biyu a juya su waje. Na koya wa 'yata ta biyu ita daidai yadda na gani. Ranar nan muna ɗakin Hajiya, uwar mijina, ta yi baƙi daga Fagge, ina ba yarinyar kunun gyaɗa a cokali. Da ta ƙoshi sai ta ɗaga hannu ɗaya, yatsu biyar a ware, ta miƙa shi saitin fuskar wata dattijuwa. Ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta dube ni ta ce, "Wa ke koya mata daƙuwa?" Na yi bayani, baƙuwar ta ce ai yarinya ce, amma ran Hajiya ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. Wanda ya tsara alamar bai san Kano ba. Daga ranar na mayar da ita kaɗe tafuka biyu, irin yadda mukan yi idan mun gama aiki.

Ba zan rage wa hanyar bidiyo haƙƙinta ba, akwai inda ta fi mu. Mu alamunmu a kan hanya yaro ke tsintar su, ba da niyya muke koyarwa ba. Su kuwa sun zo da tsari: zaɓi kaɗan, ki yi su kullum a lokaci ɗaya, ki haɗa da furta kalmar. Sannan suna da alamu biyu da ban ga madadinsu tsayayye a gidajenmu ba. Ta farko ita ce "ƙari", a haɗa kan yatsun hannu biyu a riƙa taɓa su da juna. Ta biyu ita ce "ciwo", a nuna manunai biyu suna fuskantar juna a daidai inda ke ciwon. Duk uwar da ta taɓa kwana tana jijjiga yaro ba ta san ko ciki ne ko kunne ba, ta san darajar wannan. Waɗannan biyun na are su, ban yi da-na-sani ba.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne tambaya ɗaya: wa zai gane shi? Matar da kike gani a bidiyo sau da yawa ita kaɗai ce da jaririnta a gida wuni guda. Naki kuwa kafin azahar ya bi hannu nawa? Kakarsa, mai raino, yayyensa in sun dawo daga Islamiyya, matar ƙanin mijinki, 'yar maƙwabta da ke zuwa ɗaukarsa. Idan ke kaɗai kika san alamar, ranar da kika tafi aiki ko unguwa zai yi ta yi ba mai amsa masa, ya gaji ya koma kuka. Yaro kuwa abin da ya ga yana biya masa buƙata shi yake riƙewa. Alamar da Hajiyarku, uwar mijinki, ta riga ta sani ta fi wadda sai kin zaunar da mutanen gida kin karantar da su. Ta nan ma za ki samu goyon bayanta. Ki ce mata, "Hajiya, yaya kuke nuna wa yaro ruwa a da?" Za ki ga ta karɓe aikin daga hannunki.

Batun lokaci kuwa, a nan hanyoyin biyu kunnen doki suka yi, domin ba alamar ce ke tsayar da rana ba, girman yaron ne. Ana iya farawa daga wata 6 zuwa 8, lokacin da ya iya zama, yana bin hannunki da ido, an kuma fara ba shi abinci da ruwa bayan wata shidan nono zalla. Yawanci sukan fara mayarwa tsakanin wata 8 da 12, wasu su ɗan wuce haka. Daidai lokacin da kowane yaro ke fara tafi da ɗaga hannu da nuni da yatsa ke nan. Wanda aka fara masa da wuri uwarsa ta fi daɗewa tana jira, wanda aka fara masa a makare ya fi saurin kamawa.

'Yata na fara mata tana wata 7, kamar naki. Wata uku cur ina yi tana kallo na kawai, wani lokacin ta yi dariya ta kama hannuna ta kai baki. Wani dare cikin zafin Afrilu, ba wuta, mun fito da tabarma tsakar gida, ta farka tana ƙananan kuka. Na ba ta nono ta kau da kai. Na haska fitilar waya in duba ko sauro ne, sai na ga ta dunƙule hannu tana buga shi a gefen kumatu, tana kallon randa. Ba a bakin ma ta kai shi ba. Na ɗebo ruwa a ɗan kofinta, ta shanye, ta koma barci a cinyata. Na daɗe zaune ban iya kwanciya ba don daɗi. Autana kuwa sai da ya kai wata 11 na fara, sati uku ya mayar mini.

Ki riƙe wannan: alamar farko ba za ta fito tsaf ba. "Ƙari" kan fito kamar tafi. Wani lokaci alama ɗaya zai riƙa yi wa komai. Idan kuma kina fuskantarsa kina yi da dama, yakan kwaikwaya da hagu kamar madubi. Kada a buge masa hannu a kan haka, gyaran dama da hagu na nan zuwa daga baya.

Sai maganar uwar mijinki. Ki kwantar mata da hankali, alama ba ta hana magana, in dai bakinki na tafiya tare da hannunki. Kina nuna ruwa kina cewa "ruwa, za ka sha ruwa?" Da kalmar ta zauna a bakinsa, da kansa zai yar da alamar, yadda ya bar rarrafe da ya fara tafiya. Amma kuma kada masu sayar da darasi a intanet su ruɗe ki da cewa zai fi sa'o'insa ƙwaƙwalwa. Binciken Goodwyn da Acredolo na shekarar 2000, a kan jarirai 103, ya nuna masu alama sun ɗan yi gaba a magana. Sai dai a 2013 Elizabeth Kirk da abokan aikinta a Ingila sun bi jarirai 40 daga wata 8 zuwa 20, ba su ga alama ta ƙara musu yawan kalmomi ba. Abin da suka gani ya canja iyayen ne: sun fi lura da motsin 'ya'yansu, sun fi saurin amsa musu. Ni wannan ribar ta ishe ni. Kuma ke ce malamar, ba waya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin. Ki kalli bidiyon ke kaɗai, ki ajiye, ki dubi idonsa.

Duk abin da na faɗa a sama na yaro mai ji ne. Ga yaron da ba ya ji, maganar daban ce, kuma ita ta fi damu na. Ƙanena ya rasa jinsa a annobar sanƙarau ta 1996 yana ɗan shekara ɗaya da rabi. Muka yi ta jira wai zai yi magana, ana hana mu yi masa nuni don kada ya saba. Sai da ya kai shekara 6 yana fama da 'yan alamu da ba su wuce na ci da sha ba, yana fushi yana jifa da kwano don ba mu gane shi. Da ya shiga cikin kurame 'yan'uwansa, cikin shekara guda ya zama mai ba da labari har da barkwanci. Shekarun nan da muka ɓata har yau suna ci mini rai.

Irin wannan yaro ba alama biyar ko goma yake buƙata ba, harshe yake buƙata cikakke, kuma da wuri. A 1991 Laura Petitto ta Jami'ar McGill a Kanada ta nuna jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna yin gwaranci da yatsu, yadda masu ji ke yin "ba-ba-ba" da baki. Mu a Kano muna da tamu maganar hannu, wadda kurame suka gada kaka da kakanni, ba daga makaranta ta fito ba. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a garin nan ta nazarce ta, ta wallafa aikinta a 2000. Akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki, mai jiɓi da ta Amurka, wadda Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ya shigo da ita Najeriya a 1960. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato gidaje irin namu, da ba su shirya ba.

Don haka yayin da kike koya masa alamun, ki sa ido a kan kunnensa. Yana razana idan an buga ƙofa? Yana waiwayowa idan kin kira shi daga baya, inda bai gan ki ba? Yana gwaranci, ko ya fara ya daina? Idan ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa na zubar da ruwa, ki nemi a gwada jinsa ko da kin ga kamar lafiya lau. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yaro mai wayo yakan ɓoye rashin ji da kallon fuska, har ma saurin kama alama kan sa iyaye su shagala.

In ni ce ke, da uku zan fara gobe da safe a kan kokonsa: abinci da ruwa irin namu, "ƙari" irin na bidiyo. Ki nuna wa Hajiya da mai raino su ma su riƙa yi. Idan ya kama ɗaya, ki ƙara "ciwo" da kaɗe hannu na an gama. Allah ya raya mana shi. Ranar da ya mayar miki ta farko, ki zo ki gaya mana wacce ce.