Tiyatar Weil bayan gyaran babban yatsa: ciwon ya tafi, yatsa ɗaya ya ɗage

Aikin da aka yi mini na miƙe babban yatsan ƙafa ya yi kyau a ido. Kumburin gefen ya ɓace, takalmi ya shiga. Sai ciwo ya koma wani wuri, ƙarƙashin yatsa na biyu, kamar kullum ina taka tsakuwa. Fatar wurin ta yi kanta, in na kankare ta dawo.

Na fara da abin da ba ya buƙatar wuƙa: shimfiɗar cikin takalmi mai ɗan tudu a bayan wurin ciwon, takalmi mai faɗin baki, da motsa jijiyar sharaɓa a sashen gashin ƙashi na asibiti. Sun rage, ba su raba ni da shi ba. Ina ganin duk likitan da ya tsallake wannan matakin ya yi gaggawa.

Abin da ya fi burge ni da likitan ƙashin da na koma wurinsa shi ne ya sa a ɗauki hoton ƙafar ina tsaye, nauyina a kanta. A hoton ya nuna mini cewa dogon ƙashin da ke bayan babban yatsa ya gajarce bayan aikin farko, ya daina ɗaukar rabonsa na nauyi, sai na biyu ya ɗauka. Ya matse tsakanin yatsa na uku da na huɗu don ya tabbatar ba kumburin jijiya ba ne, wanda ake kira na Morton, domin shi cire jijiyar ake yi, aikinsa daban. Ya kuma ɗaga yatsa na biyu sama ya ga ko tantanin da ke riƙe gaɓar daga ƙasa ya yage. Da gaɓar babban yatsan ce ta lalace, da haɗe ta za a yi gaba ɗaya. Da karkatar babban yatsan ce ta dawo daga tushe, da aikin Lapidus ya kawo, wato haɗe gaɓar da ke gindin dogon ƙashin.

Nawa ya faɗa kan aikin da ake kira Weil, wato gajarta dogon ƙashin da ke bayan yatsa. Ana yanka kan ƙashin na biyu a kwance, a tura shi baya 'yan milimita, a ɗaure da ƙaramar ƙusa. Bayan aikin an ba ni takalmi mai ƙasa mai tauri na wajen mako shida. Kumburi kuwa ya ɗauki watanni, musamman da yamma, kuma wannan ne ba a jaddada mini yadda ya kamata ba.

Yanzu ina taka ƙasa babu takalmi ba tare da na karkata ƙafa gefe ba, kantar ma ta baje da kanta. Amma yatsan ya ɗan ɗage, ba ya taɓa ƙasa sosai, kuma ba ya lanƙwasuwa kamar da. An gaya mini tun kafin aikin cewa hakan na yawan faruwa, shi ya sa ake naɗe yatsan ƙasa da filasta, a kuma riƙa tanƙwara shi da hannu. Na yi, ya taimaka, bai gyaru duka ba.

Da za a sake tambaya ta, zan yarda a yi. Wanda ciwonsa ƙuna ne da mutuwar yatsu dai, ya nemi a duba jijiya tukuna kafin a taɓa masa ƙashi.