Gargaɗi ga Masu Sayen Tsofaffin Asake a Intanet

Ina jan hankalin duk mai sha'awar tara tsofaffin asake masu naɗewa, irin ƙirar Turai, da ya yi hattara da wani dillali da ke tallata su a intanet yana ɗora musu shekarun da ba su yi ba, domin ni kaina na faɗa hannunsa. Ya sayar mini da wata aska a kan cewa ƙirar birnin Shefild ce na Ingila tun wajajen 1790, kuma ƙotarta hauren giwa ce. Hotunan da ya aiko duka daga nesa aka ɗauke su, babu ko ɗaya da ya nuna gindin ruwan askar, inda maƙera ke buga hatiminsu.

Da askar ta iso na duba wurin da gilashi mai ƙara girma, sai na ga an buga "Sheffield, England". Kalmar nan ta biyu kaɗai ta isa ta rushe zancensa. A 1890 Amurka ta kafa dokar harajin McKinley, wadda ta wajabta daga 1891 a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsu kafin a shigar da su can, shi ya sa askar da ke ɗauke da sunan ƙasa galibi bayan wannan lokaci aka ƙera ta. Rashin sunan ƙasar kuma ba hujjar tsufa ba ne, tunda wadda aka yi domin kasuwar cikin gida ba dole ba ne a buga mata shi, kuma da wannan giɓi ne masu damfara suke fakewa.

Ƙotar ce ta fi ɓata mini rai. Layukan jikinta a jere suke daidai wa daida kamar an ja su da rula, alhali hauren giwa na gaske yakan nuna layuka masu gittawa da juna kamar saƙa, ƙashi kuwa ƙananan ɗigo baƙaƙe gare shi. Da na goge ta da babban yatsa har ta ɗumama, sai warin kafur ya tashi, alamar selulod ke nan, wata roba da ba ta shigo kasuwa ba sai wajajen 1870. Idan wannan roba ta fara ruɓewa takan fitar da tururi mai cin ƙarfe, kuma hakan ne ya faru, domin duk ɓangaren ruwan da ke kwanciya cikin ƙotar ya yi tsatsa, an goge shi sama-sama don a ɓoye. Da ma hauren giwan ne da gaske, da zai iya jefa ni cikin laifi, tunda CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare namun dajin da ke fuskantar ɓacewa, ta haramta galibin cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.

Siffar ruwan ma ta ƙaryata shi. Asaken ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 masu kauri ne, wutsiyarsu gajeriya, wannan kuwa siririya ce mai faƙo a gefe biyu, ƙirar da ta yawaita daga baya. Na kuma lura yana kiran duk aska mai hatimin kambi da haruffan VR, wato alamar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ƙirar 1837, shekarar da ta hau gadon sarauta, ko da yake ta yi mulki har 1901.

Da na tunkare shi ya ce ai canza ƙotar aka yi. Gaskiya ne ana canza ƙota, amma hatimin a jikin ƙarfen yake, kuma bai ba ni amsa a kansa ba. Ya rufe shafinsa, bayan kwana kaɗan ya buɗe wani da sabon suna, da hotunan nan dai na asake a shimfiɗe kan jan ƙyalle. Duk wanda ya ci karo da shi, kada ya tura ko sisi sai ya ga hoton gindin ruwan askar ta gefe biyu, daga kusa, cikin haske.